Ranar da Tarun Surukina Ya Kama Ni

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba: bul-bul-bul, sai shiru, sai kuma bul-bul-bul. Ina madafi ina tankaɗen garin masara da hantsi, na ɗauka famfonmu ne ya tuna da mu bayan kwana huɗu. Na fito da bokiti a hannu ina murna, sai na tarar da Nana, 'yata mai shekara tara, ta durƙusa gaban bahon wanki ta tsoma fuska a ciki.

Na ɗago ta ina salati. Da ƙyar ta gaya mini cewa koyon riƙe numfashi take yi, don hutu ya kusa, kuma idan mun je ƙauye 'yan uwanta za su ci gaba da ce mata kazar birni. Abin ya taɓa mini zuciya. Tun shekarar da ambaliya ta shigo unguwarmu a Haɗeja, babanta ya fita da ita a wuya, yarinyar nan ko ruwan kwata ba ta yarda ta tsallaka sai an riƙe mata hannu. Ga shi kuma Gwaggo Yagana ta aiko cewa bana Nana ta isa shiga layi.

Bari in gaya muku wace ce Gwaggo Yagana. Ƙanwar surukina ce, a ƙauyensu maigidana da ke gaba da Kirikasamma, ta wajen Baturiya. Gidansu gidan masunta ne tun kaka da kakanni. Shekarun baya ruwa ya ci wata amarya a garin, wadda ta iya iyo sarai, amma ta yi ta kokawa da ruwa mai tafiya har ƙarfinta ya ƙare. Tun daga nan Gwaggo ta ɗaura aniya: duk bazara, idan kogi ya janye ya yi laushi, sai ta tara mata da 'yan mata ta koya musu nutso da bin ruwa. Wato ki nutse, ki saki jiki, ki bar ruwan ya ɗauke ki har inda kika riga kika zaɓa za ki fita. Takan ce ruwa ba a yi masa gardama, rakiya ake yi masa.

To ni dai na ga 'yata tana hawaye a gaban baho, sai bakina ya riga hankalina. Na ce mata ai ba abin tsoro ba ne, ni da take gani, ina kamarta nakan nutse daga wajen gada, a neme ni a rasa, sai can gaba a ga na ɓullo. (Allah ya yafe mini. Na gama sakandare, na sauke Alƙur'ani, na san hukuncin ƙarya ko ta rarrashi ce.) Gaskiyar magana, mahaifina malamin makaranta ne, Bafillacen gari, kuma a gidanmu kogi abin kallo ne daga kan gada. Kakana ma da ake yabo cewa ya taɓa ƙetare shi, jelar saniya ya riƙe. Ni kuwa ko wanka nake yi, ruwa ya zubo mini a fuska, sai na yi ta haki kamar wadda aka koro.

Maigidan yana kan tabarma yana gyaran rediyo, ya ji komai. Ya ɗago ya dube ni, ya yi tari, ya ce Allah ya ƙara basira, ya mayar da kansa kan rediyonsa. Nana kuwa ta share hawaye, ta ce in dai da ni za a shiga, za ta shiga. Na ce mata faɗuwa ta zo daidai da zama. A raina na ce kafin hutu ya zo ta manta.

Ba ta manta ba. Muna sauka daga babur a ƙofar gidan, ko gaisuwa ba ta gama ba ta sanar da kowa cewa Ummanta gwanar nutso ce. Zulai, ƙanwar maigidan, wadda ba ta taɓa barin wata dama ta tsokane ni ta wuce ba, ta riƙe haɓa ta ce ashe shekara goma sha biyu suna zaune da kada a gida ba su sani ba. Gwaggo kuwa tambaya ɗaya ta yi mini: a wane ruwa na koya? Na ce wajen gada. Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa, ta ce madalla, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Kafin in kai ku bakin ruwa, dole ku san yadda nake da surukina, wanda kowa ke kira Baba. Shekara goma sha biyu ina auren ɗansa, maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma daga bayan zana, a durƙushe, da muryar da ko kazar da ke kusa da ni ba ta ji. Bai taɓa ganin ina cin abinci ba. Idan na hango shi a hanya, nakan tuna da wani abu da na manta a ɗaki. Shi ma haka yake, idan yana da saƙo gare ni sai ya ce a gaya wa mutanen gidan wane. Har misali ake yi da kunyata a garin, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana yi mini daɗi.

Kwana uku na farko na sha da ƙyar. 'Yan koyo a tafki suke farawa, inda ruwa ba ya motsi kuma bai wuce gwiwa ba: tsoma fuska, buɗe ido a ciki, kwanciya a kan babbar gora. Ni a matsayina na gwana sai na zauna a inuwa ina gyaɗa kai, wani lokaci har in ce wa wata yarinya ta ƙara sakin kafaɗa. (Daga bakin Gwaggo na tsinta.) Nana tana yin abin da aka ce, amma idonta kullum a kaina.

Rana ta huɗu aka ce yau sai kogi. A nan na ga ashe rabin aikin a kan tudu ake yin sa. Gwaggo ba ta shiga ruwa don jiya ta shige shi. Kowace safiya sai ta je wajen masunta ta ji inda suka kafa taru. Ta ce wurin koyo sai mai ƙasan yashi, ba laka ba, ba kututture, kuma nesa da kacala, ciyawar nan doguwa da ta cinye rabin fadama, don tana riƙe ƙafa. Ta fi son inda kogi ya yi kwana, ruwan da kansa yake tura mutum gaɓa. Sai ta jefa busasshen kara a ruwa, ta sa 'yan koyo su bi shi da ƙafa ta bakin gaɓa, su ga saurinsa, su ga inda zai je ya tsaya. Inda kara ya tsaya, nan ce mafita. A wajen Gwaggo, wadda ba ta taka mafitarta da ƙafa ba, ba ta da izinin shiga.

Da aka tashi bin kara, ni sai na ce su je, ai na san irin wannan. Dalilina kuwa shi ne ina so in samu wuri in shirya ba tare da idon Zulai ba. Sauran mata riga da wando kawai suke sawa su ɗaure kai tamau, don wurin a killace yake da ciyawa, kuma mazan garin sun san ba a bi ta nan da hantsi. Ni kuwa na ce ba da ni ba. Na sa wando, na ɗora siket, na ɗaura zane biyu, na kawo hijabina ruwan ƙasa mai kaiwa har idon sawu na zura. Sannan na ciro abin da na ɓoye tun daga Haɗeja: auduga da man kaɗanya. Na mulmula, na toshe kunnuwan nan biyu da kyau, don na taɓa jin an ce ruwa idan ya shiga kunne har ƙwaƙwalwa yake kaiwa.

Abin da ya wuce ni a wannan tafiya ta bin kara abu biyu ne, kuma daga baya na ji su. Na ɗaya, Zulai za ta tsaya a mafita tana buga duwatsu biyu a cikin ruwa, idan kika ji ƙarar ta yi ƙarfi sai ki sauke ƙafa ki miƙe. Na biyu, kada wadda ta kuskura ta wuce Zulai, don bayan kwanar nan mashigin maza ne, kuma Baba ya kafa tarunsa a wurin.

Suka dawo. Gwaggo ta ɗaura wa kowa 'yar ƙaramar gora a ƙugu da doguwar igiya, da jan ƙyalle a wuyan gorar, don idan mutum ya nutse a riƙa ganin inda yake. Ta dubi kayan da ke jikina, bakinta ya motsa, ni kuwa ba na jin komai sai bugun zuciyata, don haka na yi murmushi na gyaɗa kai. (Wai cewa ta yi in rage kayan nan.) Aka zo kan wa zai fara. Nana ta ƙanƙame hannuna, ta nuna ni. Wannan kam ko ba kunne na gane.

Na tsaya ruwa iya cinya, ina jin sa yana jan zanena kamar yaro mai son a ɗauke shi. A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Kalma huɗu ce: ban iya ba, Gwaggo. Amma na waiwaya na ga idon Nana, na san idan na ja da baya ita ma ta ja ke nan, wataƙila har abada, ga damina tana zuwa kowace shekara ba ta neman izinin kowa. Na yi bismilla, na karanta duk addu'ar da na sani ta shiga abin hawa, don ban san ta shiga kogi ba, na runtse ido, na faɗa.

Jama'a, daɗi! Wani sanyi ya lulluɓe ni, duniya ta yi tsit, na ji ina tafiya ba tare da na motsa ko yatsa ba. Na ce a raina ashe abin a jinina yake. Ashe ƙaryar da na yi ma ba ƙarya ba ce, ilhama ce. Na tabbata na kai ƙasan kogi, ina can tare da kifaye, Nana tana gaɓa tana alfahari. Idan numfashi ya ƙare in ɗaga kai in shaƙa, hijabi ya manne mini a fuska ba na ganin komai, in sake komawa zurfi abina.

Abin da mutanen gaɓa suka gani daban ne. Iska ta cika hijabin nan da zannuwa biyu, suka kumbura suka yi tim. Fuskata ce kawai a cikin ruwa. Sauran jikina, musamman ɓangaren da ya fi kowane nauyi, yana sama yana sheƙi a rana, yana juyawa a hankali. Zulai ta ce gorar da aka ɗaura mini ba ta samu aikin yi ba, don ni kaina na zama gora, ita tana bina a baya kamar 'yar rakiya. Ta buga duwatsu har hannunta ya yi ja. Ta yi kira, mata suka yi kira. Ta miƙa hannu ta cafko bakin zane ɗaya, zanen ya kwance ya bar mata kansa, ni na wuce da sauran.

Ina shan kwana iskar ta gama fita, kayan suka jiƙe suka yi nauyi. A nan ne na yi nutso na gaskiya na farko a rayuwata, kuma kai tsaye cikin tarun Baba.

Shi kuwa yana cikin kwalekwale ya ba kwanar baya, yana ɗaga tarun a hankali. Ya ji nauyi, ya ji abu yana fizga. Dattijon da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya yi kabbara, ya ƙwala wa mazan da ke gyaran komarsu a gaɓa kira cewa su zo, ƙaton kifin nan giwan ruwa ne. Mutum shida suka taso da gudu. Ya ja, ya ja, sai ga 'yar gora da jan ƙyalle. Kafin ya gama fahimtar abin da yake gani, sai ga kaina ya ɓullo a gefen kwalekwalen, da ganyen bado a goshi.

Na yaye hijabi daga fuska. Muka haɗa ido da surukina, karo na farko cikin shekara goma sha biyu.

Ban san abin da wata za ta yi ba, ni dai tarbiyya ce ta motsa. Na yi ƙoƙarin durƙusawa, na sha ruwa, na sake ɗagowa, na gaishe shi. Sai dai wanda kunnensa ke toshe bai san ƙarfin muryarsa ba. Wai har matan da ke bayan kwana sun ji:

"BABA, INA KWANA? AN TASHI LAFIYA?"

Baba ya juya fuskarsa ga ɗaya gaɓar, ya dubi filafilinsa, ya ce da shi, "Lafiya lau. An zo lafiya?" Sannan, har yanzu da filafilin yake magana, ya ce a gaya wa mutanen gidan wane su daina motsi su sauke ƙafa, ƙasa tana kusa. Ni ba na ji. Ina ta harbe-harbe, tarun yana ƙara naɗe ni. Ya maimaita da ƙarfi. Ban ji ba. Sai mazan nan shida, kowa ya juya baya don kunya, suka haɗa baki suna gaya wa itatuwan gaɓa cewa a sauke ƙafa.

Da Baba ya ga abin zai wuce wasa, sai ya zaro wuƙarsa. Tarun nan da hannunsa ya saƙa shi, wata biyu yana yi. Ya bi shi ya yanka ta ko'ina, yana lalube, fuskarsa a waje guda, har na kuɓuta. Daidai nan Gwaggo ta iso, ta faɗo ruwa, ta kama ni ta tsayar. Ruwan iya ƙirjina. Ta yi mini magana, na yi mata murmushi. Ta tsaya, ta leƙa gefen kaina, ta sa yatsa ta zaro audugar nan ta ɗaga ta sama kowa ya gani. Sai duniya ta dawo mini gaba ɗaya, kuma abin da na fara ji shi ne Zulai tana dariya har tana neman numfashi.

Na so ƙasa ta tsage, amma ko ƙasar ma a cikin ruwa take. Abin da ya fi damuna ba mazan ba ne, ba ma Baba ba. Nana ce. Na ce shi ke nan, na zo in cire mata tsoro na ƙara mata wani. Na ɗaga ido ina nemanta a gaɓa, ban gan ta ba. Ashe tana can bayan Gwaggo, inda ruwan bai kai nan zurfi ba. Yarinyar da ba ta tsallaka kwata ta biyo ni da gudu ta cikin ruwa, ga ta tsaye ruwa har ƙirjinta, gorarta tana lilo a gefe, ko a jikinta. Ita ba ta ma lura ba sai da Zulai ta nuna mata.

A hanyar komawa, ina tafe ina ɗiga, zane ɗaya a hannun Zulai kamar tuta, na faɗa wa Gwaggo gaskiya. Ta ce ta sani tun ranar da na ce wajen gada, don duk wanda ya san ruwa ba ya wasa a gindin gada. Ta bar ni ne saboda ta auna wurin, babu inda ya shanye mutum, ga Zulai a mafita, ta ce ruwa ya fi ta iya yi mini wa'azi. Audugar ce kawai ba ta kawo a ranta ba, kuma wannan laifinta ne. Tun daga ranar, kafin kowace 'yar koyo ta shiga sai Gwaggo ta leƙa kunnenta, kuma wadda ba ta bi kara ba ko uwar wa ce ba ta shiga. Yara suna kiran wannan leƙen da sunana.

Kwana biyu ban fito tsakar gida ba. A na uku Baba ya aiko da babbar gora, irin wadda ake kwanciya a kai, da ƙatuwar tarwaɗa, da saƙo: a gaya wa mutanen gidan wane kada su damu da taru, shekara hamsin yana sana'ar su bai taɓa kamun da ya yi masa gaisuwa ba. Na yi kuka, na yi dariya, na yi alwala na yi istigfari. Washegari na ɗauki gorata na shiga layin 'yan koyo a tafki, tsakanin wata mai shekara bakwai da wata mai takwas, riga da wando kamar kowa. Kafin hutu ya ƙare na bi kara da ƙafata, na nutse ido buɗe, na ga yashi yana gudu a ƙarƙashina, na ji duwatsun Zulai ƙwas-ƙwas, na miƙe daidai gabanta. Nana ta riga ni da kwana biyar. Har yau idan na sauka a garin, sai in ji an ce ga giwar Baba ta iso, kuma na daina ɓoye fuska.

Abin da na koya? Ƙarya ma ruwa ce mai tafiya, shigarta ba wuya, amma ba wanda yake bin gaɓa ya duba inda za ta fitar da shi. Tawa a gaban suruki ta fitar da ni. Kuma kalma huɗun nan da na ƙi faɗa a tsaye, sai da na faɗe su a jiƙe.

Ranar da muka dawo Haɗeja ina wanke wa Nana kai a gaban bahon nan dai, sai na daure na ce ta yafe mini, labarin gada ba gaskiya ba ne. Ta ɗago, kumfa tana gangaro mata, ta dube ni kamar ita ce babba.

"Umma, ai na sani tun ranar. Ke da ko wanke fuska za ki yi sai kin toshe hanci. Na yi shiru ne don ki raka ni."